Wa Ke Ƙirga Kifin Gulbi Yanzu?

Duk wanda ya tashi a bakin ruwa, idan ya leƙa wuraren gashin kifi na Kano ko Kaduna ko Abuja a yau, zai lura da abin da ɗan birni ba ya lura da shi. Kifin iri ɗaya ne. Tarwada ce cike da babbar roba, baƙa mai santsi, kusan duk girmansu ɗaya, ka nuna wadda ranka ke so a buge ta a gasa maka. A kasuwa kuwa, in ka cire ta, sai karfasa da kifin ƙanƙara da ake shigo da shi a kwali daga ƙasashen waje. A Yawuri inda na girma, idan jirage suka iso da hantsi, abin da ake zubewa a bakin ruwa ya fi ƙarfin yaro ya haddace a yini guda. Ga giwan ruwa da sai ƙarti biyu sun ɗauka, ga ragon ruwa da bargi da yauni, ga ƙurungu mai ƙaya yana gurnani, ga tsage da haƙoransa waje, ga minjirya da manya ke zuga yaro ya taɓa don a yi masa dariya. Har yau ana samun su, sai dai sun ragu, sun ƙanƙance, kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Wannan sauyi bai tsaya a kasuwa ba. Ya bi kifin har cikin jami'a, ya sauya aikin mutanen da suka mai da nazarin ruwa sana'arsu.

Kafin masu digiri, ruwa yana da malamansa. Sarkin Ruwa bai taɓa riƙe alƙalami ba, amma ya san wace fadama kifi ke shiga ya yi ƙwai idan gulbi ya cika, ya san gurbin da ba a taɓawa sai rani ya yi nisa, ya kuma san wanda ya saci jiki ya jefa koma da dare. Masunta na ɓangarenmu, Sarkawa da Gungawa, sun san cewa Kwara tana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda daminarmu ke kawowa wajen watan Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, garau da shi, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya iso mana cikin sanyin hunturu lokacin da ko ɗigon ruwa ba ya sauka daga sama. Kowanne da kifinsa da irin kayan sun da ake fitar masa. A Argungu, kogin Matan Fada a rufe yake zama har ranar da aka ba da izini, kuma ranar ma homa da gora kawai ake shiga da su. Bikin da duniya ta sani tun daga 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, a ƙarƙashinsa akwai wata tsohuwar doka mai sauƙi: a bar kifi ya girma, a bar shi ya hayayyafa, sannan a kama.

Ba zan yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Ilimin nan a ɓoye yake, gado ne, uba ke raɗa wa ɗa, an kuma cakuɗa shi da asirai da camfi har ba ka iya rarrabe wanne ne lura wanne ne tsoratarwa. Idan tsoho ya rasu bai faɗa ba, shi ke nan an binne da shi. 'Ya mace aikinta banda da talla, ba a zama da ita a yi maganar gurbi. Yaran bakin ruwa suna fitsarin jini saboda tsargiya, ana ɗaukar abin tamkar alamar girma. Kuma duk sanin Sarkin Ruwa, iyakarsa inda jirginsa ke kaiwa. Ba shi da ta cewa ranar da aka yanke shawara a Legas za a datse kogin gaba ɗaya.

A 1968 aka kammala madatsar Kainji. Ruwa ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibirai da dama, aka tashi mutane fiye da dubu arba'in aka sake musu matsuguni, gulbi mai gudu ya zama tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200. Ba wanda ya san abin da kifi zai yi a wannan sabon gida, har su masuntan. A shekarar ne gwamnati, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumarta ta abinci FAO, ta kafa shirin binciken tafkin a New Bussa. A 1975 ya zama cibiya mai zaman kanta, daga baya aka mayar da ita Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa. A 1975 ɗin kuma aka kafa Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri. Da haka aka samu wata sabuwar sana'a a Arewa: mutum ya ci albashi don ya san ruwa.

Mu yara, abin da muka sani game da wannan sana'a shi ne mai sikeli. Da sassafe yake zuwa, kafin jirage su iso, da sikelin rataye da katakon awo mai layi-layi da babban littafi da ya sha ruwa har ya kumbura. Jirgi na tsayawa sai ya durƙusa a cikin ƙarni da ƙuda, ya ware kifi iri-iri, ya kwantar da ɗaya a kan katako, baki a jikin maƙari, ya duba inda wutsiya ta tsaya, ya rubuta. Ya tambayi irin komar da aka jefa da faɗin idonta da daren da aka kwana a ruwa. Wani lokaci ya sayi 'yan kaɗan ya farke cikinsu ya duba abin da suka ci da ko suna ɗauke da ƙwai. Masunta da fari sun ɗauka ɗan haraji ne, suna ɓoye masa rabin kamun. Na taɓa jin wani dattijo ya ce masa, "Malam, kai kullum awo, ba ka saye ba ka ci. Me gwamnati za ta yi da tsawon ƙurungu?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, tsawon na bana ba ya gaya mini komai. Sai na jera shi da na bara da na baɗi." Dattijon ya gyaɗa kai, don shi ma da haka ya san abin da ya sani, sai dai nasa littafin a ka yake.

Wannan jerawar ita ce ta nuna abin da ido ba ya gani a shekara ɗaya. Bayan cikar tafkin kamu ya yi tashin gwauron zabo, domin ciyayi da itatuwan da ruwa ya shanye sun ruɓe sun zama abinci, masunta suka yi ta kwararowa daga nesa. Cikin 'yan shekaru kuma abin ya faɗo. Wasu kifayen da ke son ruwa mai gudu suka ja baya, masu son kwantaccen ruwa suka yawaita. Ba don littattafan nan masu ƙarni ba, da sai dai a ce ruwa ya yi fushi.

A can gabas ma masu irin wannan haƙuri ne suka bar mana tarihi. Tafkin Chadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan bayan farin shekarun 1970 da 1980, kafin ya ɗan farfaɗo. A fadamun Haɗeja da Nguru, bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da kifi da shinkafa da dabbobi suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kachalla ta toshe magudanai. A farkon shekarun 1990 masu bincike, cikinsu har da masanin tattalin arziki Edward Barbier, suka zauna suka lissafa abin da fadamar ke samarwa na kifi da noma da itace, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya gangara ya fi kawo amfani a kan wanda aka tare a sama don noman rani. Wannan ya ba mutanen fadama hujjar da ake saurara a ofis. Masunci ya daɗe da sanin an cuce shi, amma sai da aka mai da kukansa alƙaluma aka fara jin sa.

Shi ma wancan zamanin na bincike yana da nasa tabon. Kuɗi da manyan masana galibi daga waje suke zuwa, idan wa'adin shiri ya ƙare su tattara su tafi, motoci da injinan jirgi su lalace a inda aka bar su. 'Ya'yan masunta da wuya ka same su a cikin masu rubuta rahoton, ko da yake daga bakin iyayensu aka kwashi rabin abin da ke ciki. Rahoton kuma da Turanci yake, a kabad yake kwana. Duk da haka, a lokacin mutum yana iya shiga aiki yana saurayi ya yi furfura a kan tafki ɗaya, kuma a ga ya yi abin kirki da rayuwarsa.

Kiwon kifi ba sabon abu ba ne a Arewa, domin tun 1951 aka buɗe gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato. Amma sai wajen shekara ta 2000 abin ya zama na kowa, kuma tarwada ce ta jawo haka. Kifi ne mai taurin rai, yana shaƙar iska kai tsaye, yana jure cunkoso da gurɓataccen ruwan da zai kashe wani, yana kai kilo guda cikin wata biyar ko shida. Da aka ƙware wajen ƙyanƙyasar ta da hannu, aka samu abinci mai yawo a saman ruwa, sai tankin siminti da na tamfol suka bazu a bayan gidaje. Yau Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wannan kifi, kuma a Afirka Masar kaɗai ta fi ta yawan kifin kiwo.

'Yar ƙanwata tana digiri na biyu a wannan fanni, kuma ita ta nuna mini yadda ake yi. Da yamma ta zaɓi mace mai cikakken ciki ta yi mata allura. Washegari da asuba ta naɗe kanta da tsumma mai laima, ta riƙe ta a kan busasshiyar roba, ta riƙa shafa cikin da babban yatsa a hankali, ƙwai masu ruwan ƙasa-ƙasa suna zubowa. Namijin kuwa ba ya ba da nasa ta haka, dole a yanka shi a ciro, a matse a kan ƙwan, a juya da gashin kaza, a baza a kan raga cikin ruwa mai gudana. Kwana ɗaya kacal sai ga dubban 'yan ƙananan abubuwa suna motsi. Ta ce, "Kawu, yanzu ne aikin ya fara. In wuta ta ɗauke famfo ya tsaya, kafin gari ya waye babu ko ɗaya." Kakanta ya yi shekara da shekaru yana kama tarwada bai taɓa ganin haihuwarta ba. Ita ga ta tana sa a haihu ranar da ta ga dama, kuma ba wanda ya tambaye ta ko 'yar gidan Sarkin Ruwa ce.

Wannan riba ce babba, kuma duk mai kukan jiya ya kamata ya fara amsa ta. Jami'o'in Maiduguri da Sakkwato da Kano da Minna da wasunsu suna yaye ɗalibai a fannin kifi, maza da mata. Wanda bai samu aikin gwamnati ba yana iya kafa tanki huɗu ya ci abinci, ko ya sayar da iri, ko ya haɗa abincin kifi. Garin da ke nesa da kowane kogi yana cin ɗanyen kifi rani da damina. Ƙasar da ake ƙiyasta tana buƙatar fiye da tan miliyan uku na kifi a shekara, tana samar da wajen kashi ɗaya cikin uku, ba ta da bakin raina tanki.

Amma a duba yadda matashin malami ke hawa tsani a yau. Yana farawa a ƙaramin mataki, ya yi digiri na biyu da na uku, kuma daga nan har kujerar farfesa kowane ƙarin girma yana rataye da yawan maƙalun da ya buga a mujallun ilimi. Gwajin abinci a kan 'ya'yan tarwada yana ɗaukar mako takwas zuwa goma sha biyu. Robobi goma sha biyu a bayan sashe, sikeli ɗaya, a maye wani kaso na garin kifi da zogale ko waken suya, a auna, a rubuta, maƙala ta fito. Wanda kuwa ya ce zai bi diddigin kifin wani tafki, yana buƙatar jirgi da mai da shekaru kafin ya sami abin faɗa, takwarorinsa kuma sun wuce shi da mataki biyu. Ga aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ga albashin da hauhawar farashi ta cinye, ga yajin aiki irin na 2022 da ya rufe jami'o'i wata takwas. Tallafin bincike na asusun TETFund yana taimakawa, amma na 'yan shekaru ne, ruwa kuma ba ya ba da amsa cikin 'yan shekaru. Masu ƙoƙarin cikinsu da yawa suna samun gurbin karatu a Turai ko Malesiya, wasu su dawo, wasu sai labari.

Sai kuma tsoro. Doron Baga, da take cika manyan motoci da banda zuwa Kudu, rikicin Boko Haram ya durƙusar da ita, kwalejin koyar da aikin kifi da ke Baga ta koma Maiduguri. Dazuzzukan da ke kewaye da Kainji su ma yanzu ba a shigar su gaba gaɗi. Ba wanda zai ga laifin malamin da ya ƙi tura ɗalibarsa bakin ruwan da ba shi da tabbacin za ta dawo. Kowane ɗayansu ya yi zaɓin da hankali zai ɗauka. Sai dai idan aka tara zaɓin nasu wuri ɗaya, abin da ya fito shi ne ƙasa mai tarin masana kifi ɗaya a cikin roba, da ƙarancin masu sanin abin da ke faruwa a koguna da tafkuna da fadamu, alhali har gobe masunta masu jirgi da koma ne ke kawo mafi yawan kifin da ake samarwa a cikin gida.

Kifin fadama ba ya gasa da na gulbi, in ji magabata, kuma ko a ilmance tankin bai rabu da gulbin ba. Abinci shi ke cin kashi sittin zuwa saba'in cikin ɗari na kuɗin kiwo, kuma mafi tsadar abin da ke cikinsa garin kifi ne, wato ƙananan kifayen da aka kwaso daga wani ruwan aka niƙa. Iyayen kifin da ake ta haɗa 'yan uwa da 'yan uwa a wuraren ƙyanƙyasa suna raunana, sai an koma gulbi an nemo sabon jini. Ruwan da ake zubarwa daga tanki, mai kashi da ragowar magani, kwata yake bi ya koma rafi, wanda ake zubawa kuma daga rijiyar burtsatse yake fitowa a ƙasar da ruwan ƙasa ke ƙara nisa. Masu binciken da ke gwada tsutsar wani irin baƙin ƙuda a madadin garin kifi, da masu neman yadda za a shayar da lambu da ruwan tanki, aikin ceton gulbi suke yi ko da ba su taɓa shiga jirgi ba. Amma ba za su san ko sun yi nasara ba sai akwai wani a bakin ruwa yana awo.

An taɓa gwada haɗa tsofaffin malaman ruwa da sababbi. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa na Najeriya da Jamus a tafkin Kainji ya jawo sarakunan gargajiya da shugabannin masunta cikin aikin ba da lasisi da hana jan taru mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Darasin a fili yake. Dokar da aka rubuta a Abuja, irin ta 1992 da ta haramta su da guba da abin fashewa, ba ta da ƙafar zuwa gungu da tsakar dare. Sarkin Ruwa yana da wannan ƙafar, mai bincike kuma yana da hujjar da za ta sa a saurare su su biyun. Wanda ke zuba maganin ƙwari a ruwa, ko yake tace rafi da gidan sauro, maƙwabcinsa ya fi kowane jami'i saninsa.

Abin da ya rage shi ne a mai da wannan aiki sana'ar da mutum zai iya rayuwa a kanta. Kwamitin ƙarin girma yana iya ɗaukar shekara goma na sahihan alƙaluman kamu daga tafki ɗaya a matsayin aikin ilimi mai nauyin maƙalu da yawa. Kowane sashen kifi yana iya ɗaukar ruwan da ke kusa da shi amana, Sakkwato ta riƙe Goronyo, Kano ta riƙe Tiga, ɗalibai su riƙa miƙa wa juna littafin awo shekara bayan shekara. Ana iya koya wa 'ya'yan masunta masu sakandare su auna su aiko ta waya daga inda malami ba ya iya zuwa, a biya su, a sa sunansu a rahoto, a kuma mayar musu da sakamakon da Hausa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai kuɗin ginin sabon ofis. Tun 2023 akwai ma'aikatar tarayya mai kula da arzikin ruwa, kuma ya kamata ta tuna cewa arzikin bai ƙare a gaɓar teku ba.

Lokaci kuma ba ya jira. A Jamhuriyar Nijar an fara gina madatsar Kandaji a kan wannan kogi namu, can sama da Tilaberi. Ranar da aka rufe ƙofofinta, baƙin ruwan da ke iso wa Yawuri da hunturu zai sauya, ko a yawa ko a lokaci, kifin da ke bin sa kuma zai sauya tare da shi. Masuntan Gaya ta Nijar da na Yawuri za su kai kuka, hukumomin ƙasashen biyu za su zauna, wani zai tambaya nawa ake kamawa kafin a datse. Amsar wannan tambaya ba a samo ta bayan an datse. Ko dai akwai wanda ake biya ya auna ta a bana da baɗi, ko kuma masunta su shiga zauren da baki kawai, a gaban injiniyoyin da suka zo da alƙalumansu a rubuce.